Katanga Ɗaya Tsakanin Masallaci da Makaranta: Abin da Na Koya Daga Talakawan San Antonio

Katanga ɗaya ce ta raba masallacin unguwarmu da makarantar firamare ta gwamnati, kuma shekara da shekaru ina wucewa ta gindin wannan katanga sau biyar a rana ba tare da na taɓa leƙa abin da ke bayanta ba. A cikin shekarun nan mun yi wa masallacin duk abin da ƙarfinmu ya kai: mun sa tayil, mun kafa sola, mun ɗaura fankoki, mun haƙa rijiyar burtsatse domin alwala, kuma ba a taɓa kiran gudummawa jama'a suka noƙe ba. A daminar bara ne iska ta yaye kwanon ajujuwa biyu na makarantar, aka tattara yaran aka cusa su cikin sauran ajujuwan da dama can sun cika maƙil, wasu a kan tabarma, wasu a kan simintin da ya farfashe. Yaran nan ba baƙi ba ne, 'ya'yan mutanen da muke haɗa kafaɗa da su a sahu ne, har da jikokin ladaninmu. Da aka tayar da maganar a taron kwamitin masallaci, ra'ayin da ya rinjaya shi ne makaranta ta gwamnati ce, gwamnati ce za ta gyara kayanta, mu dai abin da za mu iya shi ne mu sayi alli da tabarmi mu kai musu sadaka. Haka aka yi, aka shafa fatiha, aka tashi.

Wannan matsaya ba ta kwanta mini a rai ba, ko da yake ni ma ina cikin waɗanda suka amince da ita a ranar. Tabarmin da muka kai ba su hana ruwa zuba ba, ba su kuma ƙara malami ko ɗaya ba. Sai na shiga neman sanin yadda ma'abota addini a wasu wurare suka fuskanci irin wannan hali, wato jama'ar da wurin ibadarsu ke raye a unguwar da makarantar gwamnati ke mutuwa. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na talakawan birnin San Antonio da ke jihar Texas a Amurka, Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika, akasarinsu 'yan asalin Meksiko.

Sai an san yadda ake ɗaukar nauyin makarantun gwamnati a can kafin a gane tushen matsalarsu. An kasa kowace jiha gunduma-gunduma ta fuskar ilimi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun kowace gunduma yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye da shagunan da ke cikinta. Unguwar da ke da manyan gidaje da kamfanoni tana tara kuɗi mai yawa ko da ta sassauta haraji, ita kuwa unguwar talakawa ko ta matse kanta iyakar matsewa, abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, mutanen gundumar Edgewood da ke yammacin San Antonio suna biyan dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar dukiyarsu, harajin da ya fi na kowa tsanani a yankin, amma abin da ya samar bai wuce dala 26 ga kowane ɗalibi ba. Gundumar Alamo Heights ta masu hannu da shuni, a wannan birnin dai, senti 85 kacal take karɓa, tana samun dala 333 ga kowane ɗalibi. Bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood ya tashi da dala 356, ɗan Alamo Heights da dala 594. Saboda haka ba za a ce iyayen Edgewood ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Su suka fi ɗaukar nauyi, su kuma suka fi samun kaɗan.

Ranar 16 ga Mayu, 1968, ɗalibai kimanin 400 na babbar sakandaren Edgewood suka fice daga aji suka yi tattaki zuwa ofishin gunduma, suna kukan rashin kayan karatu da rashin ƙwararrun malamai. Iyayensu suka kafa ƙungiya suka shigar da ƙara, kuma sunan da ya zo farko a takardar ƙarar shi ne na Demetrio Rodriguez, tsohon soja mai aikin ƙirar ƙarfe a sansanin sojin sama na Kelly. Sun yi nasara a kotun farko a 1971, amma ranar 21 ga Maris, 1973, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin asali da tsarin mulkin tarayya ya lamunce. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a wannan kotu, ya rubuta doguwar hujjar rashin amincewarsa, amma ƙofa ta riga ta rufu.

A daidai wannan lokaci ne wani ɗan garin mai suna Ernesto Cortés ya dawo gida bayan ya sami horo a wata cibiyar koyar da haɗa kan talakawa da ake kira IAF, wadda Saul Alinsky ya kafa a Chicago a 1940. Abin da ya burge ni game da shi shi ne inda ya fara. Bai nemi 'yan siyasa ba, bai nemi masu iya magana a gaban 'yan jarida ba, bai kuma zo da jerin matsalolin da ya riga ya tsara ba. Majami'un unguwanni ya nufa, ya riƙa tambayar limamansu su wane ne ke riƙe da jama'a da gaske. Sunayen da ya samu na mutanen da ba wanda ke lissafawa ne: matar da ke shirya bikin majami'a duk shekara, mutumin da ke tara kuɗin gyaran rufi, uwar da ba ta fashin taron iyaye da malamai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwansu, yana zama da kowa a ɗakinsa yana tambayarsa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Dalilinsa a fili yake: majami'a ce kaɗai cibiyar da talakan unguwar ya mallaka, wadda ke tara mutane duk mako ba tare da an biya su kuɗin mota ba, wadda ke da gini da asusu da shugabannin da aka yarda da su, wadda kuma za ta ci gaba da wanzuwa bayan kowane zaɓe. Daga waɗannan zama aka kafa ƙungiyar COPS a 1974, sunan da ke nufin al'ummomin da suka haɗa kai domin hidimar jama'a, kuma shugabannin Katolika na birnin suka mara mata baya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka saurari mutane, abin da suka fara ambata ba manhaja ba ce, ba kuma wariyar launin fata ba ce, ruwa ne. Yammacin birnin ba shi da magudanai, da an yi ruwan sama tituna su zama kogi, gidaje su cika, yara su isa makaranta cikin taɓo ko su kasa zuwa. Shugabannin ƙungiyar suka duƙufa kan takardun kasafin birni, suka gano cewa akwai ayyukan magudanai da aka amince da su tun shekarun 1940 amma ba a taɓa yin su ba. A watan Agusta na 1974 suka cika zauren wata sakandare suka titsiye babban jami'in gudanarwar birnin da waɗannan takardu, kuma kafin shekarar ta ƙare an amince da rancen kusan dala miliyan 47 domin magudanai. Wannan nasara ce ta koya wa mutanen da suka saba sunkuyar da kai cewa ana iya tambayar hukuma ta amsa.

Tsarin aikinsu yana da ƙa'idoji da na ga sun cancanci a tsaya a kansu. Mambobin ƙungiyar ba ɗaiɗaikun mutane ba ne, majami'u ne da makarantu, kuma kowace cibiya tana biyan kuɗin shekara daga aljihun jama'arta, ba sa kuma karɓar kuɗin gwamnati domin gudanar da ƙungiyar, saboda wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sa tsayar da ɗan takara, ba sa cewa a zaɓi wane. Abin da suke yi gab da zaɓe shi ne su tara jama'a a babban zaure, su zaunar da 'yan takarar duka a gaba, wata uwa ko wani dattijo ya miƙe ya karanta buƙatun da aka tsara daga tarukan gida-gida, a tambayi kowane ɗan takara ko ya yarda ko bai yarda ba. Ba a ba shi damar dogon jawabi, eh ko a'a ake so, a rubuta amsarsa a babban allo kowa yana gani, a kuma dawo masa da ita bayan ya hau kujera. Suna da wata ƙa'ida da suke ɗauka da tsananin muhimmanci: kada ka taɓa yi wa mutum abin da zai iya yi wa kansa. Shi ya sa ba ma'aikacin ƙungiya ke magana a gaban hukuma ba, ba kuma limamin majami'a kaɗai ba, mai matsalar ne da bakinsa, bayan an zauna da shi ya koyi karatun kasafi ya san lambobinsa. Mata ne suka fi cin gajiyar wannan horo, domin bayan shugaban farko, Andres Sarabia, Beatrice Gallego ce ta karɓa, mata kuma suka ci gaba da jan ragamar ƙungiyar shekaru masu yawa.

Da irin waɗannan ƙungiyoyi suka yaɗu zuwa Houston da El Paso da kwarin Rio Grande da Fort Worth, sai suka haɗu suka tunkari maganar kuɗin makarantu a matakin jiha. A 1983 gwamna Mark White ya naɗa attajiri Ross Perot ya jagoranci kwamitin gyaran ilimi, a 1984 majalisa ta yi zama na musamman, kuma jama'ar majami'u suka yi dafifi a Austin, babban birnin jihar, suna matsa lamba kada a cire sashen da ke ƙara wa gundumomin talakawa kaso. Dokar da ta fito ta ƙara musu kuɗi, ta ƙayyade yawan yara a ƙananan ajujuwa zuwa 22, ta kuma buɗe ajin share fage ga 'ya'yan marasa ƙarfi. A shekarar ce kuma lauyoyin MALDEF, ƙungiyar kare haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Meksiko, suka sake shigar da ƙara a madadin Edgewood, wannan karon a ƙarƙashin tsarin mulkin jiha. Ranar 2 ga Oktoba, 1989, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Texas suka yi ittifaƙi cewa tsarin ya saɓa doka, suka nuna cewa abin da ake kashewa ɗalibi ɗaya a jihar ya tashi daga dala 2,112 a wata gunduma zuwa dala 19,333 a wata. A 1993 aka kafa dokar da ta tilasta wa gundumomi masu arziki su miƙa wani kaso na harajinsu ga marasa shi. Aikin kotu na lauyoyi ne, amma hukuncin kotu ba ya zama kuɗi sai ya bi ta majalisa, kuma a nan ne taron talakawan da ke da ƙuri'a ya yi amfani.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya gyara aji, kuma nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. A tsakiyar shekarun 1980, wata ƙaramar sakandare mai suna Morningside a unguwar baƙar fata ta Fort Worth ita ce ta ƙarshe a sakamakon jarrabawa cikin takwarorinta na gundumar. Sabuwar shugabar makarantar, Odessa Ravin, ta nemi taimakon majami'un baƙar fata da ke kewaye da ita. Ba kuɗi suka tara mata ba. Shugabannin majami'u da malaman makarantar ne suka fita tare, suna ƙwanƙwasa ƙofar gidajen ɗalibai, suna tambayar iyaye abin da suke fata ga 'ya'yansu da abin da ke hana su zuwa makarantar. Da yawa daga cikin iyayen ba su taɓa ganin malami a ƙofarsu ba, kuma makaranta ba ta taɓa nemansu ba sai idan yaro ya yi laifi. Limamai suka riƙa maganar makarantar a kan mumbari, aka shirya wa iyaye zama domin su san yadda ake bibiyar karatun yaro, kuma cikin 'yan shekaru makarantar ta tashi daga ƙarshen jeri ta shiga sahun gaba. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Abin da ya faru a firamaren Zavala da ke gabashin Austin ya fi wannan ɗaci. Yaran makarantar suna kai wa iyayensu katin sakamako mai kyau, iyaye suna murna, alhali a jarrabawar jiha yaran suna can ƙasa. Malamai ne ke ba su maki saboda tausayi, suna ganin ɗan talaka iyakarsa ke nan. A farkon shekarun 1990 shugaban makarantar ya sa aka karanta ainihin sakamakon a taron iyaye da malamai. Ran iyaye ya ɓaci, wani uba ya fito fili ya ce an yaudare su, malamai suka ji zafin maganar, wasu ma suka bar makarantar. Ƙungiyar majami'un Austin ce ta shiga tsakani, ta mayar da fushin ya zama aiki. Da aka zauna da iyaye, buƙatarsu ta farko lafiyar yara ce, sai iyaye da malamai suka tafi tare gaban hukumar birni da ta makarantu suka samo wa makarantar ɗakin shan magani. Wannan gwagwarmaya da suka yi kafaɗa da kafaɗa ce ta dawo da yarda tsakaninsu, daga nan aka samo darussan yamma, aka kafa ajin kimiyya na musamman, aka gyara koyar da karatu. Na daɗe ina tunani a kan wannan, domin na san yara a unguwarmu da aka yi ta ciyar da su gaba daga aji zuwa aji har suka gama aji shida ba sa iya karanta wasiƙa, kuma iyayensu ba su sani ba, domin ba wanda ya faɗa musu gaskiya.

Daga irin waɗannan makarantu aka kafa shirin ƙawance tsakanin ƙungiyoyin da ma'aikatar ilimin Texas a 1992, aka fara da makarantu 21, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 sun haura 100. A San Antonio kuwa tun 1988 ƙungiyar COPS ta haɗa kai da magajin gari Henry Cisneros da 'yan kasuwa da jami'o'i aka yi wa ɗaliban sakandaren unguwannin talakawa alkawari: duk wanda ya riƙe maki mai kyau kuma ya halarci aji kashi 95 cikin 100 na kwanakin karatu, yana da tallafin shiga jami'a.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi, domin shi ne ya fi shafar mu. Makarantun da waɗannan mutane suka yi wa wannan wahala ba sa koyar da addininsu. Tun 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta hana hukuma shirya addu'a a makarantun gwamnati, kuma ɗarikar Katolika tana da nata makarantun na kuɗi, da za ta iya cewa kowa ya kawo ɗansa can. Amma limaman unguwannin sun san mafi yawan 'ya'yan mabiyansu makarantar gwamnati suke zuwa, domin iyayensu ba su da halin biyan wata. Ba su je neman a sa musu darasin addini ba, sun je ne domin addininsu ya hana su zura ido ana tauye yaro. Kuma ba Kiristoci kaɗai ke wannan tafiya ba: akwai wuraren ibadar Yahudawa da masallatai a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a Ingila babban Masallacin Gabashin Landan yana cikin ƙungiyar TELCO da aka gina bisa wannan tsari, wadda ta fara fafutukar albashin da zai riƙe ma'aikaci a 2001. Mu da muke karanta hadisin da ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, mu da muka san an fanshi wasu fursunonin Badar da koya wa yaran Madina rubutu, ba mu da ƙarancin hujja. Mun gina Islamiyya, kuma alheri ne babba, masu hali a cikinmu sun kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, sai muka bar makarantar safe ga waɗanda ba su da murya, muka kuma ɗauka cewa ba ruwan addini da ita.

Ba zan ɓoye inda abin ya gaza ba. Aikin ya dogara ƙwarai ga shugaban makaranta mai son a shigo masa, kuma da an sauya shi sai a koma farawa daga tushe. Bayan dokar tarayya ta 2002 da ta ɗaure makarantu da sakamakon jarrabawa, shugabanni da yawa suka rasa lokacin zama da iyaye, shirin ƙawancen ya ja baya. A 2011 majalisar Texas ta zaftare fiye da dala biliyan 5 daga kuɗin ilimi. Demetrio Rodriguez ya rasu a 2013, shekaru 45 bayan ya shigar da ƙara, ba tare da ya ga ƙarshen rigimar ba, kuma a 2016 Kotun Ƙolin jihar ta ce tsarin yana da tarin nakasu amma ya cika mafi ƙarancin abin da doka ta nema. A shekarar ce ma jiha ta sauke zaɓaɓɓun shugabannin gundumar Edgewood ta naɗa masu riƙo saboda rikicin cikin gida ya hana su aiki, abin da ke nuna cewa talaka ma yana iya cutar ɗan talaka idan ya hau kujera ba mai sa masa ido. Edgewood tana nan gundumar talakawa har yau. Amma ɗanta na yau ba ya tashi da tazarar da kakansa ya tashi da ita, kuma ba tausayin masu mulki ne ya rage ta ba.

Da na juyo gida da wannan labari, sai na ga cewa ta fuskar doka muna da abin riƙewa fiye da yadda na zata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, wadda ke ba jihohi tallafi da sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata kason daidai da shi. An sha samun biliyoyin naira kwance a asusun saboda jihohi ba su ajiye nasu ba. A watan Maris na 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa wannan ilimi haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban alƙali, wato abin da iyayen Edgewood suka nema a 1973 aka hana su. Akwai kuma kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, da ya kamata kowace firamare ta samu, kuma tsarinsa ya tanadi kujera ga wakilan addini da na mata da na mai unguwa. Kujerar tana nan, mu ne ba mu zauna ba.

Da na kawo wannan magana gaban kwamitinmu, wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Malam, ka rufa mana asiri, kada ka jawo mana siyasa cikin masallaci." Tsoronsa yana da tushe, domin mun ga yadda ɗan takara ke zuwa da buhunan siminti gab da zaɓe, ya sayi bakin jama'a da shimfiɗar masallaci. Na ce masa, "Baba, siyasar ta riga ta shigo tun ranar da muka karɓi simintin muka yi shiru. Abin da nake nema shi ne mu daina karɓa, mu fara tambaya, kuma tambaya ɗaya za mu yi wa kowa, ko daga wace jam'iyya ya fito." Bai ce ya yarda ba, amma bai hana ba. Na kuma roƙi a sa matan Islamiyyar dare cikin maganar, domin su suka san yaron da ya daina zuwa, su suka san yarinyar da aka cire saboda makarantar ba ta da banɗaki mai ƙofa, su ake kuma aiko wa yaro yana kuka a kan kuɗin tsintsiya da na jarrabawa. Mun kuma aika wa majami'ar da ke bakin titi, domin 'ya'yansu ma suna ƙarƙashin wannan rufin da ya yaye.

Mu huɗu muka fara zagaya katangar muka shiga ofishin hedimasta. Ya miƙe tsaye da ya gan mu, yana zaton ƙara muka kawo. Da muka ce mun zo ne mu ji matsalarsa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Alhaji, tun da aka kawo ni nan ina jin kiran sallarku, ina kuma bin ku jam'i, amma yau ce rana ta farko da wani daga masallacin nan ya zauna a kujerar nan ya tambaye ni." Ya buɗe mana rajista, ya nuna mana kwafen takardun da ya rubuta a kan rufin ba amsa, ya kuma nuna mana jerin sunayen kwamitin al'umma, inda muka tarar da gurbin wakilin addini ba kowa. Tun daga ranar muke fita bayan la'asar, mutum biyu-biyu tare da malami ɗaya, muna bin gidajen ɗalibai, matan kuma suna shiga cikin gida inda mu ba za mu shiga ba. Mun cike gurbin da ɗaya daga cikin na'iban limaminmu. Mun rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma muna gayyatarsa harabar makarantar ranar Asabar ta farkon watan gobe, kuma mun tsayar da tambayoyi uku: ko rufin yana cikin ayyukan da aka tsara na bana, malamai nawa ke karɓar albashi da sunan makarantar kuma nawa ke shiga aji, da ranar da za a gyara banɗakin 'yan mata. Wata uwa mai 'ya'ya uku a makarantar ce za ta karanta su, kuma tana zuwa wurin matata da daddare suna bitar takardar. Ladan ya ce zai yi shela bayan sallar Juma'a. Kwanon dai har yanzu yana jingine a bayan ajin, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.